Hannahville: An Sami Ƙasa, Saura Harshe

A arewacin jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, yamma kaɗan da garin Escanaba, akwai wani ɗan keɓantaccen yanki da ake kira Hannahville. Ƙidayar 2010 ta nuna mutum 523 ne ke zaune a cikinsa, adadin da ko unguwa guda bai cika ba. Duk da haka yankin yana da tsarin mulkinsa, da majalisar da jama'a ke zaɓa, da kotu, da 'yan sanda, da makaranta. Mazaunansa reshe ne na al'ummar Potawatomi, ɗaya daga cikin al'ummun da Turawa suka tarar a nahiyar, waɗanda finafinan kaboyi suka sa Bahaushe ya san su da "Indiyawan daji". Sunan nan kuskure ne ta fuska biyu, domin ba su da dangantaka da Indiya, kuma manoman masara da wake da kabewa ne tun kafin zuwan Bature.

Su kansu suna kiran kansu Bodéwadmi, wato masu kula da wuta, saboda matsayinsu a tsohon ƙawancen da ya haɗa su da Ojibwe da Odawa. Ƙasarsu ta kewaye kudancin tafkin Mishigan, har da wurin da birnin Shikago yake a yau. A 1830 majalisar Amurka ta yi dokar kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa yammacin kogin Misisifi, sannan yarjejeniyar Shikago ta 1833 ta raba Potawatomi da mafi yawan abin da ya rage a hannunsu. A 1838 aka tasa ƙeyar mutum 859 da bakin bindiga daga Indiyana zuwa Kansas, tafiyar mil 660 cikin wata biyu. Fiye da mutum 40 suka mutu a hanya, yawancinsu yara.

Kakannin mutanen Hannahville suna cikin waɗanda suka ƙi tafiya yamma. Sun gudu arewa, wasu cikin dazuzzukan Wiskonsin da Mishigan, wasu har Kanada. Hukuma ta hana su kuɗin da yarjejeniya ta tanada, tunda ba su je inda aka ce su je ba, suka shafe shekaru kusan hamsin ba su da ko taki ɗaya na ƙasa da za su kira nasu. A farkon shekarun 1880 wani mai wa'azin Kirista, Peter Marksman, wanda shi kansa ɗan Ojibwe ne, ya taimaka musu suka sami matsuguni, aka raɗa wa wurin sunan matarsa Hannah. Sai a 1913 majalisar Amurka ta saya musu kimanin eka 3,400, suka kafa tsarin mulkinsu a 1936. Wutar lantarki kuwa ba ta shiga gidajensu ba sai a watan Disamba na 1966, a ƙasar da ke shirin aika mutum duniyar wata.

Daga nan al'amura suka sauya. Bayan dokar 1988 wadda ta tsara yadda al'ummun asali za su gudanar da gidajen caca a yankunansu, Hannahville ta bunƙasa nata, wanda ake kira Island Resort and Casino, da masauki da filayen wasan golf. Mai karatun da ya tashi cikin tarbiyyar da ta haramta caca zai yamutsa fuska, kuma yana da hujjarsa. Sai dai ba a musun cewa da wannan kuɗi aka gina gidaje da asibiti, kuma mutanen da jiya ake wa kallon almajirai yau su ne ke ɗaukar maƙwabtansu Turawa aiki.

An sami ƙasa ke nan, an sami mulki, an sami dukiya. Abu ɗaya ne kuɗi ya kasa sayowa, shi ne harshe. A littafinta Braiding Sweetgrass na 2013, Robin Wall Kimmerer, masaniyar tsirrai 'yar wannan al'umma, ta ba da labarin taron da aka haɗa dukkan waɗanda suka rage masu jin harshen sosai, sai ga shi mutum tara ne kacal, dukkansu tsofaffi. Wannan adadi na al'ummar gaba ɗaya ne, mai rassa bakwai da gwamnatin Amurka ta amince da su, ban da na Kanada, kuma mai mutane dubbai.

Wajibi ne ɗalibin da ke shirin zama malami ya tambayi yadda aka yi haka ta faru, domin amsar tana cikin sana'arsa. Harshen ya tsira daga bindigar 1838, ya tsira daga yunwar shekarun gudun hijira, domin a daji ma uwa da harshenta take yi wa ɗanta magana. Makaranta ce ta karya shi. Tun daga 1879, lokacin da aka buɗe makarantar kwana ta Carlisle, aka riƙa raba yara da iyayensu, a aske musu gashi, a sauya musu suna, a hukunta duk wanda aka ji yana magana da harshen gida. A Mishigan akwai irinta a Mount Pleasant daga 1893 zuwa 1934, wata kuma a Harbor Springs ba a rufe ta ba sai 1983. Babbar ɓarnar ta bayyana ne bayan yaran sun girma. Wanda aka doka saboda harshensa, in ya haihu, sai ya ƙi koya wa ɗansa, don ƙauna da tsoron kada ɗan ya sha abin da ya sha. Da zarar tsara ɗaya ta yi haka, igiya ta tsinke. Malamin da ya taɓa cin tarar yaro don ya yi "banakula" a aji ya san ƙaramin samfurin wannan aiki.

Me aka rasa? Wasu na ganin kalmomi ne kawai, kuma Ingilishi na da madadinsu. Nahawun harshen ya ƙaryata su. Hausa tana raba sunaye zuwa jinsin namiji da na tamata. Potawatomi kuwa tana raba su ne zuwa mai rai da marar rai, kuma siffar aikatau tana sauyawa gwargwadon rukunin da suna ya faɗa. Haka kuma inda Hausa ke da wakilin suna "mu" guda ɗaya, Potawatomi tana da biyu: ginan idan an haɗa da wanda ake yi wa magana, ninan idan an cire shi. Bugu da ƙari, idan mutum biyu suka zo a jimla, akwai ɗafin da ke nuna wanda zance ya fi karkata gare shi da wanda yake gefe, ta yadda ba a ruɗewa a kan wa ya yi wa wa. Tun a 1939 Charles Hockett ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wannan tsari a jami'ar Yale. Bayanin yana nan a ajiye, amma bayanin nahawu daban, bakin da ke furta shi daban.

Abin sha'awa a Hannahville shi ne makamin da aka kashe harshen da shi, shi aka ɗauko don raya shi. A tsakiyar shekarun 1970 wasu iyaye mata suka tashi tsaye sai an buɗe makarantar al'umma, wadda a yau ake kira Nah Tah Wahsh, wato mikiya mai shawagi. Ana koyar da harshe da al'adun Potawatomi a cikinta tare da sauran darussa. Dokar 1990 ta kare harsunan 'yan asalin Amurka ta ƙara wa irin wannan yunƙuri ƙarfi. Tun 1994 kuma rassan al'ummar ke haɗuwa duk shekara a garin ɗayansu, ana kiɗa da rawa da zumunci, ana kuma zaman koyon harshe. Reshen Forest County na Wiskonsin ya buga ƙamus a 2014.

Duk wannan abin yabo ne, amma bai kamata yabo ya rufe ido ba. Darasin minti arba'in yana iya koya wa yaro gaisuwa ta bozho da godiya ta migwetch, da ƙirga, da sunayen dabbobi. Ba ya iya mayar da shi mai magana, muddin da Ingilishi ake koyar da lissafi, da shi ake faɗa a filin wasa, da shi ake kiran sa cin abinci. Inda aka ga sakamako na gaske, kamar wajen Mawori na Niyu Zilan daga 1982 da mutanen Hawai daga 1984, an tsunduma ƙananan yara ne cikin harshen tun safe har yamma, tare da tsofaffi masu jin sa. Matsalar Potawatomi ita ce dukiyar da za ta ɗauki nauyin wannan ta zo ne bayan tsofaffin sun kusa ƙarewa. Da abin da ake kashewa yau an kashe rubu'insa a 1950, lokacin da kakanni ke hira da harshen a tsakar gida, da labari ya sha bamban.

Masu cewa aikin banza ne a ci gaba su ma ba su yi daidai ba. Harshen Myaamia, ɗan'uwan Potawatomi kuma maƙwabcinsa, ya rasa masu magana da shi na ƙarshe wajen tsakiyar ƙarni na ashirin. A shekarun 1990 Daryl Baldwin ya koye shi daga tsofaffin rubuce-rubucen 'yan mishan da na masana, ya mayar da shi harshen hira tsakaninsa da 'ya'yansa a gida, kafin jami'ar Miami ta jihar Ohayo ta shigo cikin aikin a 2001. Shi takarda kawai ya tarar. Mutanen Hannahville suna da ƙamus, suna da makaranta tasu ta kansu, suna kuma da muryoyin tsofaffinsu da aka naɗa kafin su rasu.