Man Shafawa: Abin da ke Cikin Kwalba da Aikinsa a Jikin Fata

Fatar ɗan Adam tana da wani siririn ɓawo a samanta wanda aikinsa shi ne hana ruwan jiki tsiyayewa. Idan hunturu ya kama, iska kan zuƙe wannan ruwa, sai kaushi da faso su biyo baya. A nan ne man kaɗanya da basilin suke da rana, domin sukan lulluɓe fata su tsare danshinta, shi kuwa gilisarin janyo ruwa yake yi ya riƙe. Waɗannan masu araha ne, kuma aikinsu tabbatacce ne. Amma kolajin da ake tsuga wa kuɗi, ƙwayoyinsa sun yi girman da ba za su iya ratsa fata ba, iyakarsa dai ya tausasa samanta.

Man bilicin ne abin tsoro, kuma tsoronsa shi ne yana aiki. Sinadarin haidurokinon yakan hana fata ƙera melanin, wato launin da ke kare ta daga zafin hasken rana. Fuska takan yi haske a 'yan makonni, amma in aka daɗe ana shafawa, sai wani baƙin tabo mai wuyar magani ya fito a kumatu, mai neman fari ta ƙare da baƙin da ya fi na da. Shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta shi a kayan kwalliya tun 2001, Gana ta bi sahu a 2016.

Akwai kuma sitiroyid, irin su kilobetasol, maganin da likita kan rubuta na ɗan lokaci don cutar fata, amma ake kwaɓa shi cikin haɗin da ba ya ɗauke da sunan komai. Yakan sirance fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ciwo ya ƙi warkewa, in ya shiga jini kuma ya iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Zaiba kuwa ƙoda da ƙwaƙwalwa take yi wa lahani, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki.

A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma. Magana ce mai kyau, sai dai ba ta isa ba muddin mai haɗa mai a ɗaki za ta ɗura shi a kwalbar da ba rubutu, ta sayar wa amarya ana saura wata guda biki.