Labarin da Ke Tsayawa a Zauren Mai Unguwa

A cikin birnin Kano da wuya ɗan daba ya ɓoyu. Mai unguwa ya san gidansu, hukumar NDLEA na bin sawun dilan da ke sayar masa da ƙwaya, Hisbah, wadda doka ta kafa a 2003, ta san matattararsu, 'yan sanda kuma suna da tarihin kamunsa. Matsalar ita ce kowa ya rungume nasa guntun labarin, mai ƙwacen waya kuwa yana sulalewa ta tsakaninsu daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi.

Harin Babban Masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamba 2014, wanda ya halaka fiye da mutum 100, ya nuna irin asarar da birnin zai iya yi cikin yini guda. Don haka ya kamata kowane ofishin 'yan sanda na cikin gari ya riƙa zama duk mako da DSS, NDLEA, Hisbah da masu unguwanni, a kuma buɗe rajista guda da kowa zai duba. Sharaɗin farko shi ne a sakaya sunan mai kawo rahoto, domin a lungun da kowa ya san kowa, ranar da aka tona mutum ɗaya, bakin unguwa duka zai rufe.