Rahoton shekara: hoton shugaba ya fito, bashin fa?

A 2018 da MTN Ghana ta sayar da hannun jarinta kan pesewa 75 kowane ɗaya, har ta Mobile Money aka saya. Mai shago a Nima da mai sayar da atamfa a zangon Kumasi sun samu ƙofar zama masu kamfani. To amma wa zai zauna ya karanta rahoton shekara mai shafi sama da ɗari, da Turancin akantoci? Masu nazarin harkar kuɗi ne ke karanta mana, mu kuma mu ji a rediyo. In abin da aka ba su bai cika ba, da su da mu duka a duhu muke.

Mun ga hakan da idonmu. A Janairun 2017 kasuwar hannun jari ta dakatar da UT Bank saboda ya daina fitar da lissafinsa, a watan Agusta kuma Babban Bankin Ghana ya ƙwace lasisinsa tare da na Capital Bank. Bayan shekara guda aka narkar da wasu bankuna biyar cikin Consolidated Bank. Na uniBank ya fi ɗaga hankali: Babban Banki ya ce sama da sidi biliyan 5 sun tafi hannun masu bankin da makusantansu. Irin wannan fa shi ne abin da mai nazari ke fara nema idan ya buɗe rahoto. Wa aka ba bashi? Nawa ne ya maƙale? Ribar da aka rubuta, kuɗi ne a hannu ko alkawari ne a takarda?

Maimakon haka, shafukan farko na tafiya ne a jawabin shugaba da hotunan rijiyar da aka gina wa ƙauye. Rijiya alheri ce, ba mu ƙi ba. Sai dai bayanin bashi yana can ƙarshe, da ƙananan haruffa, kuma yana isowa watanni bayan an rufe shekara.

Muna kira ga hukumar SEC da kasuwar hannun jari: bashin da aka ba makusanta ya fito a shafukan farko, da adadinsa. Kamfanin da ya makara a hukunta shi a fili. A kuma tilasta taƙaitaccen bayani na shafi biyu, wanda gidajen rediyo za su iya karantawa da Hausa da Twi.