Hawan jini a ofis, gigin tsufa a gida

A unguwar Pantami da ke birnin Gombe, idan dattijo ya fara mance sunan jikansa, ko ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara talatin yana zuwa, sai a ce gigin tsufa ne, a yi masa addu'a, a ƙara sa masa ido. Ba kasafai ake tambayar yadda awon jininsa ya kasance yana ɗan shekara 45 ba, alhali sau da yawa daga nan larurar ta samo asali.

Hawan jini da ciwon suga da yawan kitse a jini suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwa sannu a hankali, babu zafi babu zazzaɓi. Wasu jijiyoyin kan toshe mutum bai ma sani ba, sai bayan shekaru a ga tunaninsa ya raunana. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan larura ana iya kauce mata ko jinkirta ta idan aka magance abubuwa 14, ciki har da waɗannan uku, da shan taba, da ƙiba, da rashin motsa jiki. Binciken Ibadan da Indianapolis da aka fara a 1992 shi ma ya nuna alaƙar hawan jini da ruɗewar ƙwaƙwalwa a tsakanin tsofaffin Najeriya.

Maganar ta shafi ma'aikacin tarayya kai tsaye. Shekarun da yake wuni a kujera, ya kwashe awanni a cunkoson Nyanya ko Kubwa, ya ci abinci mai gishiri da dunƙule a tsaitsaye, su ne shekarun da ɓarnar ke taruwa. Idan ya cika shekara 60, ko 35 a bakin aiki, gida zai koma, irin su Pantami, kuma iyalinsa ne za su ɗauki nauyin jinyar da fansho ba zai iya ba.

Dokar hukumar inshorar lafiya ta NHIA ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Gombe kuma tana da shirinta na GoHealth. Amma kati a aljihu ba ya sauke jini. Bai kamata sai ɓarin jiki ya shanye sannan a garzaya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ba, tunda na'urar awo da magani irin amlodipine ba su fi ƙarfin asibitin unguwa ba. Ya dace Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko suna kai waɗannan magunguna ba yankewa, shi kuma Ofishin Shugaban Ma'aikata ya mayar da awon jini da suga na shekara-shekara ƙa'ida ga duk ma'aikacin da ya haura 40.