Gayu Ko Lafiyar Ƙafa?

Duk safiyar Asabar filin wasanninmu cike yake da ɗalibai masu sassarfa, abin sha'awa. Amma ka dubi ƙafafunsu: wani da silifas, wani da kambas ɗin zuwa lacca mai ƙasa kamar faranti, wata da aron takalmin ƙawarta da ya matse ta.

Ni ma haka nake a shekarata ta farko. Na sayi wani farin kambas don kawai yana yayi, na yi wata biyu ina gudu da shi. Wata safiya ina saukowa daga gado sai na ji dunduniyata kamar na taka ƙusa. A asibiti aka ce jijiyar tafin ƙafa ce, wadda ta tashi daga dunduniya zuwa yatsu, ta wahala. Sati shida na yi ina ɗingishi zuwa aji.

Ra'ayina shi ne, takalmin gudu ba na gayu ba ne, ƙafa ce ke zaɓarsa, ba ido ba. Ka je saye da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. Ka gwada duka biyun da safar da za ka yi gudu da ita. Ka bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Lanƙwasa shi ka gani: wajen yatsu ya kamata ya lanƙwashe, ba tsakiya ba. Bayansa kuma ya riƙe dunduniya gam. In mai kaya ya ce "zai buɗe in ka saba", ajiye masa abinsa.

Na san wani zai ce, "Malam, kuɗin hando ma da ƙyar, ina na takalmi?" Gaskiya ne. Amma gwanjo ma yana yi, in dai ka juya ƙasansa ka tabbatar bai cinye ta gefe ɗaya ba, kuma soson cikinsa bai mutu ba. Ko sabo ne, ƙarfinsa yakan ƙare bayan kilomita 500 zuwa 800.

Mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, ko wanda ciwo ya ƙi barinsa, ya ga likita kafin ya je kasuwa. Abin da na kashe a magani ya fi kuɗin takalmin kirki. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, takalmi ana sake shi, ƙafa fa?