Hukuncin Sayen Ƙarin Garanti A Kan Mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, idan kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aka kai masara da waken soya kasuwar Dandume ko Bakori, manomin da Allah ya buɗa wa ya kan yi sha'awar sayen a-kori-kura ko ƙaramar mota. Wani lokaci dillali ya kan ce masa: ƙara kaza, mu ɗauke maka gyaran injin da giya har shekara biyu bayan garantin kamfani ya ƙare. To, shin wannan ƙari ya halatta? In ya halatta, ya dace a saya?

Da farko mu sani, shari'a ba ta bar mai saye a tozarce ba. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala da Muhtasar, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi wanda ba a nuna masa ba, yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Wannan hakki ne, ba a sayensa da ko kwabo. Dillalin da ya ɓoye fasasshen injin, sa'an nan ya sayar maka da garanti, ya sayar maka da abin da ke naka ne tun asali.

Sai garanti, shi kuwa iri biyu ne. Na farko, wanda mai sayarwa ya ɗaukar wa kansa a cikin cinikin motar, kuɗi ɗaya, ƙulli ɗaya. Malamai sun halatta shi, domin sharaɗi ne mai bin ciniki, kuma a ƙa'idar fiƙihu a kan yafe wa mabiyi abin da ba a yafe wa mai zaman kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da irin wannan a zamanta na Bahrain cikin 1998.

Na biyu, wanda a ke saye daban da kuɗinsa daban, musamman daga wani kamfani wanda ba shi ya sayar da motar ba. A nan me aka saya? Idan mota ba ta lalace ba, kuɗinka sun tafi a banza. Idan ta lalace, ka karɓi fiye da abin da ka bayar. Wannan shi ne garari, watau cinikin da ba a san ƙarshensa ba, wanda hadisin Abu Huraira a cikin Sahihu Muslim ya hana. Saboda wannan illa ne Majalisar ta haramta inshorar kasuwanci a Jidda cikin 1985, malamai da yawa kuma suka riskar da wannan garanti da ita.

Amma halacci daban, dacewa daban. Ko a iri na farko, sai a karanta takarda kafin a sa hannu. Galibi garanti ba ya ɗaukar taya da birki da kulochi, su ne kuwa hanyoyin ƙauye su ka fi ci. Yana kuma ɓaci idan an yi wa mota lodi fiye da ƙima, ko aka kai ta wurin bakaniken da kamfani bai yarda da shi ba. Wanda zai ɗora buhunan masara har su fi ƙarfin mota, kuma sai ya je Kano ko Kaduna kowane juyen mai, to ya sayi takarda ce kurum. Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Ba ya halatta ya karya sharaɗi sa'an nan ya yi ƙarya don a gyara masa.

Shawararmu ita ce, a tafi da bakanike amintacce ya duba mota kafin a biya, a kuma rubuta ciniki gaban shaidu. Kuɗin ƙarin garantin a ajiye su domin ranar gyara. Wanda ya ke tsoron babbar hasara, ga takaful, wanda aka gina a kan taimakon juna, hukumar inshora ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013.

Allah shi ne Masani. Allah ya tsare mana dukiyarmu daga haram, amin. Wassalam.