Mutumin Da Ake Jira

Jama'a, a wannan mako za mu ɗan ajiye zancen kujeru da ƙuri'a, mu taɓa wata magana wadda kowa ke kawar da kai in an tayar da ita, watau mutum ya kashe kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya. Musulunci da Kiristanci duk sun haramta abin, ba mu ja ba. Amma sanin haramcin kaɗai bai gaya mana abin da ke riƙe mutum ranar da duniya ta yi masa zafi ba.

An yi wani likita Bayahude, mutumin birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, sunansa Viktor Frankl. Tun kafin Yaƙin Hitila aikinsa ke nan, don daga 1933 zuwa 1937 shi ke duba matan da suka nemi halaka kansu a wani babban asibitin birnin. A 1942 Jamusawa suka kama shi da iyalinsa, aka yi ta kai shi daga wannan sansani zuwa wancan, har Auschwitz, bai fito ba sai 1945. Uwarsa, da ubansa, da ɗan'uwansa, da matarsa, duk a tsare suka mutu. Kun ga ashe da jikinsa ya koyi abin da ya faɗa.

A cikin littafin da ya buga a 1946 ya ba da labarin waɗansu fursunoni biyu da suka yi niyyar kashe kansu, kowannensu yana ganin ba sauran abin da zai samu a duniya. Maganin da aka yi musu shi ne aka tuna musu akwai abin da ke jiransu. Ɗaya yana da ɗa a wata ƙasa, yana zuba ido. Ɗayan masanin kimiyya ne, ya fara rubuta waɗansu littattafai bai gama ba, ba kuwa mai iya gama su sai shi. A ganin Frankl, mutum kan sami dalilin zama a duniya ta aikin da ke hannunsa, ko ta wanda yake ƙauna, ko ta yadda ya ɗauki wahalar da ba makawa.

To, mu dawo gida. Saurayi ya gama makaranta, shekara uku, huɗu, yana yawo da takardu ofis ofis, in ya fita ba mai tambayarsa ina za shi, in ya dawo ba mai cewa ya makara. Wa ke jiransa? Mahukunta da suka bar shi haka, me suka tanadar masa in ya fāɗi? Kurkuku. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 231 ta yanka ɗaurin da ya kai shekara guda, ko tara, ga wanda ya gwada kashe kansa bai mutu ba. Ingila, wadda ta mulke mu, ta daina hukunta wannan tun 1961. Ghana ma ta soke tata a 2023. Ina amfanin a ɗaure wanda ya riga ya ga ba shi da amfani? Abin da dokar ke haifarwa shi ne dangi su ɓoye mara lafiya don tsoron 'yan sanda.

Kada a ce mun ce aiki ko ƙauna na maye gurbin asibiti. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, Frankl kansa likita ne mai ba da magani.

Muna kira ga 'yan majalisa, duk jihar da wannan sashe ya saura a littafinta, su soke shi. Sakatarorin rassanmu kuwa, in kun ga wani ɗan jam'iyya ya yi shiru ya daina zuwa taro, ku bi shi har gida, ku tambaye shi kai tsaye abin da ke ransa, in ta kama ku raka shi wurin likita. Sa'an nan ku danƙa masa wani aiki, ko da riƙon littafin rajista ne, ku ce ranar Asabar kuna jiransa da shi.